Digirin aikin jinya na gaggawa a Amurka: amsa ga ƙanwata da ta tambaya

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Ta ce ta gama digirin bayokemistiri a gida Najeriya a 2015, yanzu tana zaune a Hustan, a jihar Tekzas ta Amurka, da maigidanta da yara biyu, ƙaramin bai cika shekara uku ba. Tana da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka, tana kuma aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ji labarin tsarin da mai digiri zai zama nas cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, tana son sanin yadda ake nema, da ko mai iyali irinta za ta iya ɗauka.

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo aikin jinya, kuma yanzu ɗaliban wannan tsari suna biyo ni a ɗakin marasa lafiya ina koya musu aiki, don haka zan gaya miki abin da na gani da idona. Karatun ba zai fi ƙarfin ƙwaƙwalwarki ba. Wadda ta ci bayokemistiri a jami'ar Najeriya ba ilimin magunguna ne zai kayar da ita ba. Mutanen da na ga sun faɗi, kusan dukkansu abin da ke wajen aji ne ya kayar da su: kuɗin haya, renon yara, aikin dare, motar da ta lalace ranar fita asibiti. Saboda haka rabin amsata a kan takardu take, rabi kuma a kan gidanki.

Sunan tsarin ABSN. An yi shi ne don wanda ya riga ya yi digiri a wani fanni. Jami'ar Saint Louis ce ta fara shi a 1971, yau kuma ya bazu a jihohin ƙasar. Ana yafe miki darussan gama-gari da kika riga kika yi a digirinki na farko, sai a ɗauko darussan jinya da ɗalibin da ya bi hanyar shekara huɗu yake yi a shekarunsa biyu na ƙarshe, a cusa su cikin wata 11 zuwa 18. Ba a rage komai ba. Sa'o'in aikin asibiti ma daidai suke da na kowa. Hutu kawai aka cire, aka matse lokaci. Darasin da wasu ke yi a mako goma sha biyar, ke za ki iya yin sa a mako bakwai ko takwas, ga jarrabawa kusan kowane mako.

Abu na farko da za ki yi, tun kafin ki buɗe shafin kowace makaranta, shi ne neman takardar sakamakonki daga jami'ar da kika yi. Ki fara yau. Yawancin makarantun Amurka ba sa karanta sakamakon Najeriya da kansu, sai wata hukumar tantancewa irin WES ko ECE ta fassara shi zuwa ma'auninsu, kuma nau'in da za ki nema shi ne wanda ake bin darasi ɗaya bayan ɗaya. Yawanci so ake jami'ar ta tura takardar kai tsaye, ba ta hannunki ba. Tawa ta ɗauki wata biyar kafin ta fito, sai da yayana ya yi ta zirga-zirga ofis zuwa ofis, kuma wannan jinkirin ya sa na rasa shiga rukunin da na so. Ki tambayi kowace makaranta wace hukuma take karɓa kafin ki biya kuɗi, domin ba duka suke karɓar iri ɗaya ba. Makinmu na gida a kan 5 ake aunawa, nasu a kan 4, kuma mafi yawan makarantu suna neman 3.0 a ƙalla. Ga masu HND da za su karanta wannan: ku rubuta wa makarantar ku ji matsayinta a rubuce, don wata tana ɗaukarta daidai da digiri bayan tantancewa, wata ba ta ɗauka.

Sai darussan share fage. Kusan ko'ina za a nemi ilimin sassan jiki da yadda suke aiki kashi na ɗaya da na biyu tare da aikin ɗakin gwaji, da ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, da kemistiri, da ƙididdiga, da ilimin abinci mai gina jiki, da ilimin halayyar ɗan'adam daga haihuwa zuwa tsufa. A nan akwai abin da zai iya ɓata miki rai. Makarantu da yawa ba sa karɓar darasin kimiyya da ya wuce shekara biyar ko bakwai, wasu sukan ɗaga zuwa goma. Ke kuma kin gama a 2015. Mai yiwuwa a ce ki sake kemistirin da kika fi malamin sani. Ki sake shi kawai, a kwalejin unguwa mai sauƙin kuɗi, ki ɗauko maki mafi girma. Masu tantance masu nema sun fi kallon makin waɗannan darussa fiye da tsohon digirin, kuma su ne za su dawo miki da hannun karatu bayan shekarun da kika yi ba ki zauna aji ba. Ilimin sassan jiki kuwa kada ki yi shi don ki wuce kawai. Duk abin da za ki koya daga baya a kansa zai zauna. Wadda ba ta fahimci yadda ƙoda ke tace jini ba, za ta haddace magungunan fitar da ruwa ne kamar karatun aku, ranar jarrabawa kuma su watse mata.

Wasu makarantu suna neman jarrabawar shiga, TEAS ko HESI A2. TEAS tana da tambaya 170 a ɓangare huɗu: fahimtar karatu, lissafi, kimiyya, da ƙa'idojin Turanci. Mutanenmu sun fi tuntuɓe a ɓangaren karatu, saboda agogo yake cinye su. Ki riƙa gwaji da agogo a gabanki. Da yawa daga makarantun suna karɓar takardun nema ta NursingCAS, inda za ki cika sau ɗaya ki tura wurare da dama. Za a nemi wasiƙun shaida biyu ko uku da bayanin dalilin da ya sa kike son aikin. A wannan bayani kada ki rubuta cewa tun kina yarinya kike son taimakon mutane, kowa haka yake rubutawa. Kina da abin da yawancin masu nema ba su da shi: kin yi wa tsoho wanka, kin juya wanda ba ya iya juyawa, kin zauna da wanda ya manta sunan 'ya'yansa. Ki ɗauki rana ɗaya daga cikin waɗannan ki ba da labarinta, ba tare da sunan kowa ba.

Zaɓen makaranta kuwa, abu uku za ki duba. Na farko, hukumar kula da aikin jinya ta jiharki ta amince da ita. Na biyu, tana da shaidar inganci daga CCNE ko ACEN, hukumomin da ke tantance makarantun jinya, domin in babu wannan za ki sha wuya ranar da kike son ƙaro karatu. Na uku, ɗalibai nawa ne suke cin jarrabawar lasisi a zaman farko. Hukumar Tekzas tana wallafa wannan duk shekara, kuma kashi 80 cikin ɗari ne ma'aunin da take so makaranta ta kai. Amma akwai tambayar da ba a rubutawa a talla, ke za ki yi ta da bakinki: mutum nawa suka fara a rukunin bara, nawa suka gama a kan lokaci? Makaranta tana iya nuna sakamako mai kyau alhali ta zubar da ɗalibai da yawa a hanya. Ki kuma tambaya ko su ne suke samar miki asibitin da za ki yi horo, da nisan wurin daga gidanki. Ina roƙonki da Allah, duk wanda ya zo miki da maganar wata makaranta da za a ba ki takarda ba tare da zaman aji da fita asibiti ba, ki guje shi ko da ɗan garinku ne. A Janairun 2023 hukumomin tarayya suka bankaɗo sayar da takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a Fulorida, kuma hukumomin jihohi sun bi waɗanda suka saya suna ƙwace lasisinsu.

Yanzu maganar kuɗi. Kuɗin makaranta yana farawa daga wajen dala dubu 20 a wasu jami'o'in gwamnati ga mazauna jiha, yana haura dubu 80 a wasu masu zaman kansu. Tallafin Pell, wanda ba a biya, ba ya shafar wanda ya riga ya yi digiri, ko da a waje ya yi shi. Da girin kad ɗinki za ki iya cika FAFSA, fom ɗin neman taimakon kuɗin karatu, ki nemi rancen gwamnatin tarayya, amma iyakarsa ga ɗaliba mai aure a wannan mataki dala 12,500 ne a shekara, wanda sau da yawa ba ya rufe kuɗin makaranta, balle na cefane. Na san maganar ruwa a kan rance tana damun da yawa cikinmu, ni ma ta dame ni. Hanyoyin da na ga mutane sun bi don rage bashin su ne tara kuɗi shekara guda kafin a shiga, da biya kashi-kashi kowane zango, da tallafin Nurse Corps da ke biyan kuɗin karatu a madadin aikin shekara biyu a ƙalla a wurin da ke fama da ƙarancin ma'aikata, da kuma asibitocin da ke biya wa ma'aikatansu wani kaso. In kika sa hannu a irin wannan yarjejeniya da asibiti, ki karanta abin da zai biyo baya idan kika bar aikin kafin wa'adi. Hukuncin rancen kansa ki kai wa malamin da kika yarda da shi, wanda ya san yadda tsarin nan yake.

Kin tambaya ko za ki iya ci gaba da aiki. Makarantu da kansu suna cewa kada a yi, kuma gaskiyarsu ne. Tsakanin aji, ɗakin gwaji, asibiti da karatun gida, mako zai cinye miki sa'a hamsin zuwa sittin. Mafi yawan abin da na ga an iya ɗauka lafiya shi ne aikin kwana ɗaya a ƙarshen mako. Akwai wata 'yar Afirka ta Yamma a rukuninmu, ta fi ni kaifin kai, tana aikin dare uku a mako don tana aika kuɗi gida. Na sha ganin ta a aji idonta jajir, biro na zamewa daga hannunta. Ta samu 74 a darasin jinyar manya alhali 75 ake nema. Maki ɗaya. Ta jira rukunin gaba ta sake, ta sake faɗuwa a wani darasin, dokar makarantar kuma faɗuwa biyu kora ce. Ta tafi da bashi ba takarda. Har yau in na tuna ta sai zuciyata ta yi nauyi. Wannan doka ta faɗuwa biyu da makin wucewa na 75 zuwa sama ruwan dare ce a makarantun jinya, ki nemi littafin dokokin ɗalibai ki karanta tun kafin ki karɓi gurbi.

Don haka ki zauna da maigida ku yi magana ta gaskiya, da takarda da biro. Wa zai kai yara makaranta ranar da za ki bar gida ƙarfe biyar da rabi na asuba? Wa zai ɗauko su ranar da ba za ki dawo ba sai bayan takwas na dare? In ƙaramin ya tashi da zazzaɓi ranar fita asibiti, wa zai zauna da shi? Rashin zuwa asibiti sau ɗaya ko biyu yana iya jawo a ce ki sake darasin gaba ɗaya. Ana bukatar mutum na biyu, da na uku idan na biyun ya gaza. Ki kuma sanar da 'yan'uwa a gida cewa aike zai ragu na wata goma sha shida, ki faɗa musu tun yanzu da bakinki. Biki, suna, zaman ƙungiyar 'yan gari, duk za ki riƙa ba da haƙuri. Ni ranar Lahadi nake dafa miyar mako, in zuba a robobi in sa a firiza, yarana sun ci shinkafa da miyar da aka ɗumama har suka gaji da ita.

Kafin a bar ki ki taɓa majiyyaci za a nemi shaidar rigakafin ciwon hanta nau'in B, da ƙyanda, da ƙarambau, da sauransu, da binciken tarihin laifi, da gwajin ƙwaya, da katin koyon farfaɗo da numfashi. Katin rigakafinmu na yarinta yawanci ya ɓata, sai a ɗebi jini a duba ko jiki na da kariya. Ga kuma abin da ya shafe mu musamman: yawancinmu an yi mana allurar BCG ta rigakafin tarin fuka muna jarirai, wadda ta bar tabo a dantse, kuma tana iya sa gwajin tarin fuka na fata ya nuna kamar akwai cutar. Ki nemi gwajin jini irin QuantiFERON tun farko, ki huta da tayar da hankali.

A cikin karatun, abin da ya fi girgiza ni shi ne salon tambayoyi. Mun taso da haddace littafi mu juye wa malami. A nan za a ba ki amsa huɗu, dukkansu abin da nas ke yi ne, a ce wanne za ki fara. Majiyyata huɗu suna kira: ɗaya yana jin zafin tiyata, ɗaya sukarinsa ya ɗan hau, ɗaya yana son a sallame shi, ɗaya muryarsa ta fara shaƙewa bayan an ba shi sabon magani. Na ƙarshen za ki ruga wa, domin hanyar iska ita ce gaba da komai, sai numfashi, sai gudanar jini. Jarrabawata ta farko na karanta kowane shafi na samu 68, na zauna a mota na yi kuka. Malamata ce ta ce in rage karanta littafi in ƙara amsa tambayoyi. Daga ranar nake amsa tambaya hamsin kullum, in karanta dalilin kowace amsa, har wadda na ci. Ki fara wannan daga makon farko, kuma ranar da kika ga maki ya sauka ki je ofishin malami a makon nan, kada kunya ta sa ki jira.

Akwai kuma jarrabawar lissafin magani, wadda yawanci 90 ko sama ake nema, wani wurin ma sai ɗari bisa ɗari. Lissafin ba wuya, sai dai ma'aunin ƙasar nan yana rikita wanda ya saba da kilo. Za a ce yaro yana da nauyin fam 44, likita ya rubuta miligiram 15 ga kowane kilo. Sai ki raba 44 da 2.2 ki samu kilo 20, ki ninka da 15 ki samu miligiram 300. In ruwan maganin yana da miligiram 150 a kowane mililita 5, mililita 10 za ki ba shi. Wadda ta manta ta juya fam zuwa kilo ta ba yaro fiye da ninki biyu na abin da aka rubuta. Shi ya sa ba sa sassauci a kanta.

Maganar addini ba ta zame mini matsala ba, amma sai da na buɗe baki. Na sa ɗan ƙaramin hijabi mai shiga cikin riga, wanda ba ya lilo a kan majiyyaci, da riga mai dogon hannu a ƙarƙashin kayan aiki, wadda nake iya naɗewa in zan wanke hannu. Ɗakin tiyata yana da nasa ƙa'idar, ki tambaya kafin ranar. Yawancin manyan asibitoci suna da ɗakin ibada. Ina gaya wa malamar horo tun safe cewa zan ɗauki minti goma a hutuna in yi azahar, ban taɓa samun wadda ta hana ni ba. Za ki yi jinyar maza, har da wanka da sa robar fitsari, wannan ki san da shi ki shirya zuciyarki. Azumi ya same ni a zangon ilimin magunguna. Bayan sahur nake karatu har gari ya waye, don bayan la'asar kaina ba ya ɗaukar komai.

Idan kika gama, sai jarrabawar lasisi, NCLEX-RN. Tun 1 ga Afrilun 2023 aka sabunta ta, aka ƙara tambayoyin da ke bin labarin majiyyaci mataki-mataki. Kwamfuta ce ke auna ki, tana iya tsayawa a tambaya 85 ko ta kai ki 150, cikin sa'a biyar. A Tekzas akwai kuma ƙaramar jarrabawa kan dokokin aikin jinya na jihar. Ki zauna ta lasisin cikin wata ɗaya ko biyu da gamawa, karatun yana da ɗumi.

Ga ra'ayina a kan halin da kike ciki. Darussan share fage za su ɗauke ki wajen shekara guda ko ta yaya, kuma ana iya yin su kina aiki. A wannan shekarar ƙaramin zai ƙara wayo, ku kuma ku tara abin da za ku iya. In ta ƙare kuka ga albashin maigida zai riƙe gida shi kaɗai, kuma kin samu mai riƙe yara tsayayye, ki shiga ABSN da ƙarfin zuciya, irinki ake nema. In kuwa dole sai kin yi aiki cikakke, to ki nemi shirin shekara biyu na kwalejin unguwa, wanda ake kira ADN. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta, jarrabawar lasisi ɗaya ce, sunan aiki ɗaya ne, kuma bayan kin fara aiki za ki iya cike digirin ta intanet, sau da yawa asibitin ne ma zai taimaka da kuɗin. Gaskiya ne wasu manyan asibitocin Hustan sun fi son mai digiri a wajen ɗaukar sababbi, kuma gurbin ADN ma ana gogayya a kansa, don haka ki nemi duka biyun a lokaci ɗaya tunda darussan share fagensu kusan ɗaya ne.

Wannan makon ki rubuta wa jami'arki ta gida neman takardar sakamako, ki zaɓi makarantu huɗu a kusa da ke, ki jera abin da kowace ke nema a takarda ɗaya. In kin haɗa, ki turo mini mu duba tare. Allah Ya ba da sa'a, ki gaida maigida da yara.